Auren Jinsi Tsakanin Alƙali, Majalisa da Akwatin Zaɓe

A ranar 1 ga Afrilun 2001, jim kaɗan bayan sha biyun dare, magajin garin Amstadam ya ɗaura aure huɗu a zauren majalisar birnin: uku na namiji da namiji, ɗaya na mace da mace. Daga wannan dare Holan ta zama ƙasa ta farko da dokarta ta amince da auren jinsi. Yau ƙasashen da suka bi sahunta sun kusa 40, akasarinsu a yammacin Turai da nahiyar Amurka. A ɗaya ɓangaren akwai ƙasashe sama da 60 da har yanzu luwaɗi laifi ne a dokokinsu. Akwai kuma waɗanda suka rubuta ɓaro-ɓaro a kundin tsarin mulki cewa aure tsakanin namiji da mace ne kawai, don kada wata rana wani alƙali ya yi masu fassarar da ba su nema ba.

Wanda ke bin labarin daga nesa zai ɗauka rigima ce kawai tsakanin masu riƙo da addini da waɗanda suka juya masa baya. Akwai wannan a ciki, babu shakka. Matsayin Musulunci sananne ne, haka na ɗarikar Katolika da ta Otodoks da mafi yawan cocin Ebanjelika, kuma bai sauya ba. Sai dai lauyan da ya tsaya gaban Kotun Ƙolin Amurka ko ta Indiya ba a tambayarsa halal ko haram. Ana tambayarsa ne wane dalili gwamnati ke da shi na ba wa wannan ɗan ƙasa takarda ta hana wancan. Duk wanda bai gane yadda aure ya koma takardar gwamnati ba, zai yi ta mamakin yadda masu adawa, waɗanda a farko su ne mafi rinjaye nesa ba kusa ba, suka riƙa shan kaye a kotu ɗaya bayan ɗaya.

A 1792, ana tsakiyar juyin juya hali, Faransa ta ƙwace rajistar aure daga hannun coci ta damƙa wa hukumar gari. Jamus ta yi irin haka a 1875. Har gobe a Faransa auren da doka ta sani shi ne wanda aka ɗaura a ofishin magajin gari. Na coci ko na masallaci sai bayan an gama wancan, kuma ba ya ƙara komai a idon hukuma. Da gwamnati ta riƙe rajistar, sai ta fara rataya mata abubuwa: gado idan mutum ya mutu bai bar wasiyya ba, rangwamen haraji, fanshon mamaci, bizar zama ga matar da aka auro daga waje, inshorar lafiya, ikon yanke shawara a asibiti idan miji ya fita hayyacinsa, har da 'yancin ƙin ba da shaida a kan abokin zama a kotu. A 2004 ofishin binciken kuɗi na gwamnatin Amurka ya ƙirga wurare 1,138 a dokokin tarayya inda haƙƙi ko alfarma ke rataye da kasancewar mutum mai aure.

Nan ne ƙofar da masu neman auren jinsi suka shiga, kuma manyan shari'o'in biyu na Amurka duk a kan irin waɗannan abubuwa suka tsaya. Edith Windsor ta zauna da Thea Spyer fiye da shekara 40, suka je Kanada aka ɗaura masu aure a 2007. Spyer ta rasu a 2009 ta bar mata dukiya, gwamnatin tarayya kuwa ta caje ta harajin gado dala 363,053, kuɗin da ba za a nemi ko sisi daga cikinsu ba da a ce mamacin namiji ne. Ta kai ƙara, a 2013 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya. Shi kuma Jim Obergefell, wanda babban hukuncin 2015 da ya halatta auren jinsi a duk faɗin Amurka ke ɗauke da sunansa, abin da ya nema tun farko bai wuce jihar Ohayo ta rubuta sunansa a matsayin abokin aure a takardar shaidar mutuwar John Arthur ba, wanda ciwo ya riga ya ci ƙarfinsa lokacin da suka tashi a jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa Merilan don a ɗaura masu aure. Lauyoyin da suka zaɓi waɗannan ƙararraki sun san abin da suke yi. Alƙali zai iya kauce wa muhawarar falsafa, amma da wuya ya kauce wa tsohuwa mai riƙe da takardar haraji.

A inda aure bai bar hannun malamai da limaman coci ba, wannan ƙofa babu ita. Isra'ila misali ce mai ban sha'awa: babu auren ofis a cikin ƙasar, kowa sai ya bi ta hukumar addininsa, don haka ba a ɗaura auren jinsi a can. Amma tun 2006 kotu ta umarci ma'aikatar cikin gida ta riƙa yi wa waɗanda suka ɗauro shi daga waje rajista. A ƙasashen Musulmi da dokar iyali ke fitowa kai tsaye daga fiƙihu, tambayar ma ba ta tasowa a wannan siga, domin waliyyi da sadaki da miji da mata suna cikin ginin ƙulla auren kansa, babu inda za a cire su a bar wani abu a tsaye.

Hujjar masu goyon baya gajeriya ce, shi ya sa take da kaifi. Suna cewa tsarin mulki ya yi alkawarin daidaito a gaban doka, kuma aure haƙƙi ne na asali. Sukan kawo hukuncin 1967 a shari'ar Loving, wanda ya rushe dokokin da suka hana baƙar fata auren farar fata a jihohi 16 na Amurka, su ce a lokacin ma an yi ta kafa hujja da al'ada da ɗabi'a. Masu adawa suna amsawa da cewa kwatancin bai yi ba: launin fata bai taɓa zama ɓangaren ma'anar aure ba, amma namiji da mace su ne ma'anar tasa tun kafin a ƙirƙiri wata gwamnati. A wurinsu dalilin da ya sa hukuma ta damu da aure tun farko shi ne haihuwa. Saduwar namiji da mace na kawo yaro, yaro na buƙatar a san ubansa a kuma ɗaure uban da nauyinsa. Ba don haka ba, in ji su, ina ruwan gwamnati da wanda wani ke so?

Wannan hujja tana da nauyi, kuma a ganina ba a rusa ta a fagen tunani ba. Abin da ya faru shi ne dokokin ƙasashen yamma sun riga sun janye mata ƙasa tun kafin a zo nan. An daina ɗaukar mace a matsayin wadda dukiyarta da sa hannunta suka narke cikin na mijinta. An soke dokokin da suka ce miji ne shugaban gida. An daidaita ɗan da aka haifa cikin aure da wanda aka haifa a waje wajen gado. A 1969 Kalifoniya ta kawo sakin da ba sai an tabbatar da laifin kowa ba, kuma gwamnan da ya sa wa dokar hannu shi ne Ronald Reagan, gwarzon masu ra'ayin riƙau. Zuwa shekarun 1990, idan ka buɗe dokar aure a yawancin waɗannan ƙasashe, babu wani aiki da aka keɓe wa miji da ba a ɗora wa mata ba. Saura kalmomi biyu kawai. Don haka da lauyan gwamnati ya miƙe ya ce aure don haihuwa ne, sai alƙali ya tambaye shi: to me ya sa kuke ɗaura wa tsofaffi 'yan shekara 70? Me ya sa ba ku tambayar kowa ko yana haihuwa, ko ma yana son haihuwar? Akwai amsa, amma amsa ce mai buƙatar dogon bayani, kotu kuwa ta fi son wadda ake iya nunawa da yatsa a cikin doka.

Akwai wata tambaya da masu goyon baya ba su cika son a yi masu ba, kuma Alƙalin Alƙalan Amurka John Roberts ne ya jefa ta a rubutunsa na rashin amincewa da hukuncin 2015. Ya lura cewa kusan duk dalilan da masu rinjaye suka kafa, na mutunci da 'yancin zaɓi da kare yaran da ke cikin gidan, za su yi aiki daidai ga mai neman a halatta masa mace fiye da ɗaya, abin da ma ya fi auren jinsi dogon tarihi a al'ummomin duniya. Amurka kuwa ta haramta wannan, kuma Kotun Ƙolinta ta tabbatar da haramcin tun 1879 a kan mabiya ɗarikar Momon. Idan an yarda jinsi ba ya cikin ma'anar aure, me ya sa adadi ya zama dole? Amsar da aka fi bayarwa ita ce dokokin gado da haraji da saki an gina su ne a kan mutum biyu, sauya jinsinsu ba ya taɓa ginin, amma ƙara mutum na uku na taɓawa. Amsa ce ta ma'aikacin ofis, tana iya gamsar da mai tsara fom, amma ba ta kai zurfin maganar mutunci da aka faro da ita ba.

Kafin a kai ga aure, ƙasashe da dama sun gwada tsayawa a tsakiya. Denmak ce ta fara a 1989 da rajistar zaman tare, wadda ke ba da kusan duk haƙƙoƙin ma'aurata ba tare da an kira abin aure ba. Faransa ta kawo tata a 1999, Jamus a 2001, Birtaniya a 2004. 'Yan siyasa sun so wannan mafita domin tana ba su damar cewa kowane ɓangare ya samu wani abu. Ba ta daɗe ba. Da zarar gwamnati ta ba da dukkan haƙƙoƙin, ta amsa da bakinta cewa ba ta ganin wata illa a zaman, sai ya zama abin da ta hana suna ne kawai, kuma kare wannan a kotu ya fi wuya. Kotun tsarin mulkin Ostiriya ta faɗi haka a 2017: tsari biyu daban na tilasta wa mutum bayyana yanayinsa duk lokacin da ya cike takarda. Italiya dai tana nan a tsakiyar tun 2016, ba ta matsa gaba ba.

Gardamar da ta fi zafi a siyasance ita ce ta wa ke da ikon yankewa. Amurka ta bi hanya mafi hayaniya. A 1993 Kotun Ƙolin jihar Hawayi ta nuna alamar hana auren jinsi na iya saɓa wa tsarin mulkin jihar. Tsoron kada sauran jihohi su wayi gari dole su amince da auren da aka ɗauro daga can ya sa majalisar tarayya ta yi dokar kare aure a 1996, Bill Clinton na jam'iyyar Dimokurat ya sa hannu. Kotun Masacuset ta buɗe ƙofa a 2003, aka fara ɗaurawa a 2004, a watan Nuwamban shekarar kuma jihohi 11 suka kaɗa ƙuri'ar haramtawa a rana ɗaya. A 2008, ranar da Kalifoniya ta zaɓi Barack Obama da gagarumin rinjaye, a ranar ce kashi 52 cikin ɗari na masu zaɓenta suka soke auren jinsin da kotun jihar ta halatta watanni kaɗan kafin nan. Obama kansa a lokacin cewa yake aure na namiji da mace ne. Sai a 2012 ya sauya baki. Daga ƙarshe, a ranar 26 ga Yunin 2015, alƙalai 5 cikin 9 suka yanke wa jihohi 50 hukunci.

Abin da alƙalai huɗun da suka ƙi suka fi nanatawa shi ne tsarin mulki bai ce komai a kan aure ba, don haka magana ce ta jama'a da wakilansu, kuma an katse muhawarar a daidai lokacin da masu goyon baya suka fara cin zaɓe da kansu, kamar yadda suka yi a jihohi uku a 2012. Masu rinjaye suka ce haƙƙin asali ba a jiran ƙuri'a a kansa, in ba haka ba mene ne amfanin rubuta shi? Kowane ɓangare na da abin riƙewa, kuma kowannensu yakan manta da ƙa'idarsa idan kotu ta juya. Waɗanda suka yi murna da alƙalai a 2015 su ne suka yi Allah wadai da su a 2022, lokacin da kotun ta soke haƙƙin zubar da ciki da aka kafa tun 1973. A cikin wannan hukunci Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa ya kamata a sake duba na auren jinsi ma. Babu alƙalin da ya sa hannu tare da shi, amma maganar ta isa ta tayar da majalisa. A Disambar 2022 Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa gwamnatin tarayya da kowace jiha amincewa da auren da aka ɗaura bisa ƙa'ida a wata jiha, sanatoci 12 na jam'iyyar Rifablikan suka mara mata baya. Dokar ba ta tilasta wa jiha ta ɗaura da kanta ba. Wato bayan shekara bakwai da hukuncin kotu, sai da aka koma wurin 'yan majalisar da aka tsallake.

Ailan ta bi wata hanyar. Ƙasa ce ta Katolika da sai a 1993 ta cire luwaɗi daga jerin laifuka, sai a 1995 ta halatta saki da ƙyar. Tsarin mulkinta ba ya gyaruwa sai da ƙuri'ar raba-gardama, don haka a Mayun 2015 aka kai maganar gaban jama'a, kusan kashi 62 suka amince. Ostireliya ta tambayi jama'arta ta gidan waya a 2017, kashi 61.6 suka ce e, majalisa ta bi. A Jamus, a shekarar dai, Angela Merkel ta saki 'yan jam'iyyarta kowa ya bi zuciyarsa, ita ta kaɗa a'a, kudurin ya wuce da 393 a kan 226. A Ingila da Girka gwamnatocin masu ra'ayin riƙau ne ma suka kawo dokar, David Cameron a 2013, Kyriakos Mitsotakis a 2024, shi na biyun duk da adawar cocin Otodoks da ta wani sashe na jam'iyyarsa. A waɗannan wurare wanda ya sha kaye ya san an ƙirga shi, kuma ƙurar ta fi saurin lafawa. Amma ba ƙa'ida ba ce da ba ta karyewa: Faransa ta bi ta majalisa a 2013, duk da haka dubban ɗaruruwan mutane suka cika titunan Faris suna zanga-zanga wata da watanni. Masu goyon baya kuma suna da ƙorafinsu a kan ƙuri'a: ba ƙaramin abu ba ne mutum ya zauna yana kallon maƙwabtansa na muhawara a talabijin kan ko gidansa gida ne.

Taiwan ta haɗa hanyoyin uku a wuri ɗaya. Kotun tsarin mulki ta ba majalisa wa'adin shekara biyu a 2017. A 2018 masu zaɓe suka ce kada a taɓa ma'anar aure a kundin dokokin farar hula. Majalisa ta ga gaba kura baya siyaki, sai ta yi wata doka daban a 2019 wadda ta cika umarnin kotu ba tare da ta taɓa kundin ba. Afirka ta Kudu ma kotu ce ta ja gaba: tsarin mulkinta na 1996 ya ambaci hana wariya saboda wanda mutum ke sha'awa, sakamakon darasin mulkin wariyar launin fata, don haka a 2005 kotun ta ba majalisa shekara ɗaya, jam'iyyar ANC ta umarci 'ya'yanta su kaɗa e a 2006 ko suna so ko ba sa so. Har yau ita kaɗai ce a nahiyar. Indiya kuwa ta ja birki. Kotun Ƙolin da ta cire luwaɗi daga laifuka a 2018 ita ce a Oktoban 2023 ta ce ƙirƙirar sabon nau'in aure aikin majalisa ne. Dalilinta na zahiri ne: dokokin gado da saki da riƙon yara a Indiya sun rarrabu bisa addini, na Hindu daban, na Musulmi daban, na Kirista daban, kuma alƙali ba zai iya sauya kalma ɗaya ba tare da ya warware saƙar gaba ɗaya ba.

Ana yawan jin cewa dokokin duniya ko Majalisar Ɗinkin Duniya sun wajabta auren jinsi a kan ƙasashe. Ba haka abin yake ba. A 2002 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya duba ƙarar da aka kai Niyu Zilan, ya ce sashe na 23 na yarjejeniyar haƙƙoƙin farar hula da siyasa maza da mata ya ambata, ƙin ɗaura auren jinsi bai saɓa masa ba. Kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta faɗi kusan haka a 2010, kodayake a 2015 ta ce wa Italiya dole ta samar da wani tsari na doka ga irin waɗannan masu zaman tare, ko da ba aure ba. Kotun da ta yi nisa ita ce ta nahiyar Amurka, wadda a farkon 2018 ta ba Kosta Rika fatawar cewa auren kansa ya wajaba. Nan take maganar ta mamaye zaɓen shugaban ƙasar, wani mawaƙin coci da ya yi alkawarin bijire wa kotun ya zo na ɗaya a zagayen farko, kafin ya faɗi a na biyu. Abin da hukumomin duniya suka daɗe suna matsawa a kai, tun hukuncin 1994 kan jihar Tasmaniya ta Ostireliya, shi ne a daina ɗaure mutane saboda abin da suka yi a ɗakinsu. Wannan magana daban ce da ta aure, kodayake duka ɓangarorin na da dalilin cakuɗa su.

Cakuɗawar ta fi fitowa fili a ƙasashen da suka tafi ɗaya gefen. Hangari ta rubuta namiji da mace a sabon tsarin mulkinta da ya fara aiki a 2012, Kuroshiya ta yi ta ƙuri'a a 2013, Rasha a 2020. Romaniya ta gwada a 2018, amma waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 da doka ke buƙata ba. Waɗannan dai rufe ƙofar rajista suka yi. Dokar da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2014 ta wuce nan: shekara 14 a gidan yari ga waɗanda suka ƙulla auren, shekara 10 ga wanda ya shaida ko ya taimaka, ko ya kafa ko ya shiga ƙungiyar masu wannan ɗabi'a. Auren jinsi dama bai taɓa samun gurbi a dokar ƙasar ba, don haka sabon abin da dokar ta kawo yana wajen hukunci da ƙungiyoyi ne, kuma a nan lauyoyi masu sukarta suke kafa hujja da 'yancin taro da tsarin mulki ya bayar. Ta Yuganda ta 2023 ta kai har hukuncin kisa a wasu yanayi, Bankin Duniya ya dakatar da sababbin basussuka a kanta.

Matsin lambar waje ya taka rawa a nan, amma ba irin wadda masu yin sa suka yi fata ba. Da Cameron ya yi barazanar rage tallafi a taron ƙasashen renon Ingila na 2011, ya miƙa wa kowane ɗan siyasa a Afirka hanya mafi arha ta zama gwarzo: ya tsaya ya ce ba za a sayi ƙasarsa da kuɗi ba. Magana ta tashi daga dokar iyali ta koma ta 'yancin kai. Masu fafutuka sukan tunatar da cewa yawancin dokokin haramcin Turawan mulkin mallaka ne suka rubuta su, daga sashe na 377 na kundin laifukan Indiya na 1860 aka kwafo su zuwa ƙasa bayan ƙasa. Gaskiya ne a tarihi, amma ba ya sauya zuciyar wanda ƙinsa daga Alƙur'ani ko Baibul ya samo shi, ba daga gwamnan lardi ba. Hatta Fadar Batikan ta ɗanɗana wannan: da ta ba da izini a Disambar 2023 a riƙa sa wa irin waɗannan mutane albarka ba tare da an ɗaura masu aure ba, cikin 'yan makonni bishop-bishop na Afirka suka sanar a dunƙule cewa ba za su yi ba.

A inda aka halatta kuma tsugune ba ta ƙare ba, rigimar ta koma kan wanda imaninsa bai yarda ba. Limamin coci ko na masallaci ba shi da matsala, kusan kowace doka ta keɓe shi. Ta Ingila ma ta hana Cocin Ingila ɗaurawa ɗungurungum. Wahalar tana kan ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa. Kim Davis, magatakardar wata ƙaramar hukuma a Kentaki, ta yi kwana biyar a tsare a 2015 saboda ta ƙi ba da takardar aure da sunanta a kai. Daga baya jihar ta cire sunan magatakarda daga takardar baki ɗaya, mafitar da da an yi ta tun farko da babu wanda ya kwana a kurkuku. Afirka ta Kudu ta fara da barin jami'in rajista ya janye idan zuciyarsa ba ta yarda ba, sannan ta soke wannan dama a 2020. A kan 'yan kasuwa, kotunan ƙoli na Amurka da Birtaniya sun karkata ga bambanta ƙin mutum da ƙin saƙo: ba ka da ikon korar mai saye saboda yanayinsa, amma ba za a tilasta maka rubuta ko zana abin da ba ka yarda da shi ba. A takarda layin a bayyane yake. A shago, inda ake gardamar ko kek ɗin biki abinci ne ko magana, ba haka yake ba.

Sai kuma yara, inda gardamar ta dawo kan abin da masu adawa suka faro da shi. Maza biyu ba sa haihuwa sai da hayar mahaifa, mata biyu sai da maniyyin wani, kuma ƙasashe da dama da suka halatta auren ba su halatta hayar mahaifa ba, ciki har da Faransa da Jamus da Sifen. Italiya a 2024 ta mai da zuwa waje don yin hakan laifi. Kan iyaka na ƙara dagula lissafi. A 2018 kotun Tarayyar Turai ta ce wa Romaniya dole ta ba wa Ba'amurken da ya auri ɗan ƙasarta a Beljiyam izinin zama, ko da ba ta ɗauki abin nasu aure ba. A 2019 aka haifi wata yarinya a Sifen, takardar haihuwarta na ɗauke da sunan uwa biyu, ɗaya 'yar Bulgeriya. Sifen ba ta ba ta zama 'yar ƙasa ba domin babu ɗan Sifen a iyayen. Bulgeriya ta ce fom ɗinta gurbin uwa ɗaya da uba ɗaya gare shi, sai an faɗa mata wadda ta haifa, matan suka ƙi faɗa. Kotun Tarayyar ta umarci Bulgeriya a 2021 ta ba yarinyar takardun tafiya, a 2023 kuma babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta ƙi ba da takardar haihuwar.